Yadda Ake Cin Gadon Mutum Tun Yana Kan Gadon Asibiti

Mutane da yawa na ɗauka cewa jikinsu nasu ne. Kuskure ne da ba za a ga laifinsu a kai ba, tunda su ke ciyar da shi, su ke yi masa wanka, su ke biyan kuɗin asibiti in ya lalace. Amma masana shari'a a Amurka sun daɗe da warware wannan ruɗani. Ƙa'idar ita ce, duk wani yanki na jikinka, muddin yana manne da kai, naka ne, sai dai ba shi da farashi. Ranar da likita ya yanke shi ya ɗora a faranti, ya samu farashi, sai dai ya tashi daga naka. Tsakanin waɗannan matakai biyu akwai ɗan taƙin da abin yake naka kuma yake da daraja, amma galibi a lokacin an yi maka allurar barci.

Tunda tsarin ya haura shekara saba'in yana aiki ba tare da wani mai cin moriyarsa ya taɓa kokawa ba, ya dace a bayyana shi dalla-dalla, don amfanin masu saurin fushi.

Kayan da ake ciniki

Jikin ɗan'adam ginin ƙwayoyin halitta ne, ƙanana ƙwarai, sai da madubin likita ake ganinsu. Mai binciken magani yana buƙatar su da ransu, ya zuba musu guba ya ga ko za su mutu, ya sa musu cuta ya ga ta inda take shiga. Yin haka a jikin cikakken mutum na da wuya, domin cikakken mutum yana da baki, yana da dangi, wani lokaci har da lauya. Shi ya sa aka fi son ƙwayoyin su kaɗai, a cikin kwalba.

Matsalar ita ce ƙwayoyin lafiyayyen mutum sun san ajali. Leonard Hayflick ya nuna a 1961 cewa in an sa su a kwalba sukan rabu gida biyu kamar sau hamsin, daga nan su tsaya. Wasu ƙwayoyin sankara kuwa ba su da wannan tarbiyya. In an ba su abinci da ɗumi, za su yi ta hayayyafa har wanda ya ajiye su ya yi ritaya, ya mutu, ɗalibansa su gaje su. Irin wannan zuriya da ba ta yankewa ita ake kira tsatson ƙwayoyin halitta. Ana daskarar da shi, ana aika shi ta gidan waya, ana buga farashinsa a kundin 'yan kasuwa.

Ma'aikaciyar da ba ta taɓa karɓar albashi ba

Ranar 29 ga Janairun 1951, wata baƙar fata mai 'ya'ya biyar, Henrietta Lacks, ta je asibitin Johns Hopkins da ke Baltimo tana kukan wani ƙulli a mararta. Ta tashi ne a gonar taba a ƙauyen Clover na jihar Bajiniya, mijinta kuma na aiki a masana'antar ƙarfe. Ta zaɓi asibitin bisa dalili mai ƙarfi: yana cikin 'yan ƙalilan da ke karɓar baƙar fata a yankin, a ɗakunan da aka ware musu. Aka gano sankarar bakin mahaifa. Ta sa hannu a takardar yarda a yi mata aikin da jinyarta ke buƙata. Kafin a sa mata radiyom, likitan tiyata ya ɗan yanki naman ƙarin ya aika wa George Gey, mai ɗakin gwaji a asibitin. Ba a tambaye ta ba, kuma babu dokar da ta ce a tambaya. Saboda haka ba a karya doka ba, wanda shi ne abu mafi muhimmanci.

Gey ya yi shekaru yana neman ƙwayoyin da za su rayu a kwalba, yana ciyar da su da haɗin jinin kaza da na cibiyar jarirai, duk suna mutuwa. Mataimakiyarsa Mary Kubicek ta rubuta HeLa a jikin kwalaben, haruffa bibbiyun farko na sunayen majinyaciyar, Henrietta da Lacks, ta ajiye ba tare da sa rai ba. Sai ga su suna ninkawa kusan kowace kwana ɗaya. Henrietta ta rasu ranar 4 ga Oktoban shekarar tana da shekara 31, aka binne ta a Clover a kabarin da ba alama. Daga nan aka raba aiki: ita ta huta, ƙwayoyinta suka kama aiki.

Gey bai sayar da su ba, wannan gaskiya ce, kuma asibitin na nanata cewa bai taɓa cin ribarsu ba. Rabawa ya yi ta yi kyauta ga duk mai bincike da ya roƙa. Mutum ne mai buɗaɗɗen hannu, kyauta kuma ba ta taɓa yin sauƙi kamar lokacin da kayan na wani ne ba. Kamfanoni ne daga baya suka lura cewa masu bincike za su fi son a kawo musu a shirye, su biya.

Babban aikin HeLa na farko shi ne shan inna. Lokacin da Jonas Salk ya haɗa rigakafinsa, ana buƙatar gwada jinin dubban yaran da aka yi wa allura. Sai a gauraya jinin yaro da ƙwayar cutar a zuba kan HeLa. In sun rayu, yaron ya samu garkuwa. In sun mutu, bai samu ba. Wato ma'auni ce, ba ta shiga cikin allurar kanta. Aka kafa masana'antar noma ta a cibiyar Tuskegee da ke Alabama, masana baƙar fata suna tura dubban kwalabe kowane mako. A garin nan kuma, a shekarun nan, hukumar lafiya ta gwamnatin Amurka na zuba ido kan ɗaruruwan baƙaƙen fata masu tunjere ba tare da yi musu magani ba, daga 1932 har 1972, don ganin yadda cutar ke ƙarewa da mutum. Kowane sashe na da aikinsa.

A 1960 Tarayyar Sobiyet ta harba HeLa sararin samaniya, ta riga Yuri Gagarin zuwa. A cikinta aka samu ƙwayar cutar HPV nau'i na 18, ɗaya daga cikin nau'o'in da Harald zur Hausen ya danganta da sankarar bakin mahaifa, aikin da ya ba shi lambar Nobel a 2008 ya kuma share fagen rigakafin da Najeriya ta fara yi wa 'yan mata a 2023. Hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ta ƙirga rubuce-rubucen kimiyya sama da 110,000 da suka yi amfani da ita tsakanin 1953 da 2018. A duk tsawon wannan hidima ba ta taɓa neman hutun shekara ba, ba ta shiga yajin aiki ba.

Ba a kwalba kaɗai ta yi aiki ba. Wani likitan sankara a New York, Chester Southam, ya riƙa ɗura ƙwayoyin sankara masu rai, har da HeLa, a jikin majinyata da fursunonin jihar Ohayo, ya ga ko za su kama. Majinyatan bai ambata musu kalmar sankara ba, don kada hankalinsu ya tashi. Kansa kuwa bai yi wa ba, ya kuma bayyana dalili: ƙwararrun masu binciken sankara ba su da yawa, bai kamata a yi kasada da su ba. Hukumar da ke ba likitoci lasisi ta same shi da laifin yaudara, ta sa masa ido na shekara ɗaya. A 1968 takwarorinsa suka zaɓe shi shugaban ƙungiyar masu binciken sankara ta Amurka.

Ranar da izini ya zama abin damuwa

A 1966 wani masanin kimiyyar gadon halitta mai suna Stanley Gartler ya tashi a taron masana ya sanar da cewa ya duba tsatso 18 da ake alfahari da su, wannan na hanta, wancan na hanji, wani na maƙogwaro, ya tarar duk HeLa ce. Ashe tana bin bututun awo da hannun ma'aikaci ta faɗa kwalbar maƙwabta, ta cinye masu gida ta zauna. Mutum ya shekara goma yana rubutu a kan hantar wani, ashe bakin mahaifar Henrietta yake kallo. Hatta wasu ƙwayoyin da Sobiyet ta aika wa Amurka a shekarun 1970 a matsayin na majinyatanta, da aka duba sai aka tarar 'yar gida ce ta dawo.

Masana sun fusata, kuma suna da hujja. An shiga kwalabensu ba sallama, an yi amfani da abincinsu ba a tambaye su ba. Wannan ne karo na farko da batun neman izini ya hana wani barci a harkar HeLa.

Don a iya tantance ta daga sauran, ana buƙatar sanin alamomin jinin danginta. Sai a 1973, shekara 22 bayan rasuwarta, aka tuna tana da iyali. Aka neme su cikin gaggawa, aka ɗebi jininsu. Su a zatonsu gwajin sankara ake musu, suka yi ta jiran sakamako. Kafin nan jaridu sun daɗe suna kiranta Helen Lane, abin da ya kare sirrin iyalin ƙwarai, har su kansu ba su ji labari ba. A lokacin da ake sayar da mahaifiyarsu kwalba-kwalba, wasu daga cikin 'ya'yanta ba su da inshorar zuwa asibiti. Masu gajen haƙuri kan ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sun manta cewa gardi ma yana da ɗawainiya: kuɗin wuta, kuɗin firiza, albashin lauyoyi.

Hukuncin saifa

Wani zai ce ai wannan zamanin wariyar launin fata ne, kuma mace ce matalauciya. Don kawar da wannan zargi, tsarin ya nuna cewa ba ya nuna bambanci. John Moore farar fata ne, mazaunin Siyatil, ya yi aiki a shimfiɗa bututun man Alaska. A 1976 aka same shi da wata sankarar jini da ba a cika gani ba, ya je asibitin Jami'ar Kalifoniya a Los Anjalis. Dakta David Golde ya ce a cire masa saifa, aka cire, ya samu sauƙi.

Daga nan likitan ya nuna masa kulawar da ba kowane majinyaci ke samu ba. Shekara bakwai yana kiransa ya taso daga Siyatil, ana ɗibar jini, ɓargo, fata, har da maniyyi. Da Moore ya ce ko za a riƙa yi masa gwajin a garinsu, sai likita ya ɗauki nauyin tikitin jirgi da masauki. A 1983 aka miƙo masa takarda ya sa hannu cewa ya bar wa jami'a duk wani haƙƙi a kan abin da za a samar daga jikinsa. Ya zagaye gurbin da ke cewa bai yarda ba, ya nemi lauya. Lauya ya gano cewa an mayar da saifar tsatso mai suna Mo, an nemi takardar mallakar ƙirƙira a kai tun 1981, ta kuma fito a 1984 da sunan jami'a. Kamfanin Genetics Institute ya ba likitan hannun jari 75,000, ya yi alkawarin biyan shi da jami'a aƙalla dala 330,000 cikin shekara uku. Kamfanin Sandoz ya ƙara dala 110,000.

A 1990 Kotun Ƙolin Kalifoniya ta yanke hukunci. Ta ce ya kamata likita ya gaya wa Moore cewa yana da wata buƙata a jikinsa ban da lafiyarsa. Amma batun cewa an ci dukiyarsa, babu shi, domin saifar ba dukiyarsa ba ce. Kotun ta yi nuni da cewa dokar jihar ta riga ta ɗauki naman da aka yanke a matsayin abin da za a ƙona ko a binne saboda tsafta. Wanda wanzami ya yi wa ƙaho ba ya tashi ya ce a ƙulle masa jinin a leda. In wanzamin ya gano jinin na da amfani ya buɗe kanti, hazaƙarsa ce. Bambancin kawai, wanzami ba ya ce maka ka yi ta dawowa har shekara bakwai don lafiyarka.

Alƙalan sun ƙara da cewa in aka ba majinyaci haƙƙin mallaka, bincike zai tsaya, kowace kwalba za ta zama ƙara a kotu. Mai shari'a Armand Arabian ya kawo dalili mafi tsarki: jikin ɗan'adam abu ne mai alfarma, bai dace a mayar da shi hajar kasuwa ba. Wato darajarsa ta wuce a ce mai shi ya sayar, dole sai dai wani ya sayar. Mai shari'a Allen Broussard, wanda bai bi ra'ayin masu rinjaye ba, ya lura cewa da wani kamfani zai fasa ɗakin gwajin ya kwashe ƙwayoyin nan, ba wanda zai yi musun cewa an yi wa jami'a sata. Ashe saifar dukiya ce, ana iya mallakarta, ana iya sace ta. Mutum ɗaya ne tak a duniya ba za a iya sace ta daga hannunsa ba, shi ne wanda aka haifa da ita.

Haɗarin gaya wa majinyaci gaskiya

Akwai misalin abin da ke faruwa in likita ya yi sakaci. Ted Slavin na fama da cutar rashin daskarewar jini, yawan ƙarin jinin da ake masa ya sa jikinsa ya tara garkuwar ciwon hanta nau'in B mai yawan gaske. Likitansa ya gaya masa tun jinin na jikinsa. Slavin ya shiga sayarwa, har dala goma kowace mililita, ya kafa kamfani, sannan ya ce wa Baruch Blumberg, wanda ya ci Nobel a 1976 kan gano ƙwayar cutar, ya ɗiba kyauta iya son ransa. Bincike bai tsaya ba, rigakafi ya samu. Amma masu hangen nesa sun gane barazanar: in kowa ya san abin da ke jikinsa kafin a cire, sai an riƙa yin ciniki da shi.

Tsarin ya ƙetare teku. Mutanen Hagahai na ƙasar Papuwa Niyu Gini sai a shekarun 1980 suka fara hulɗa sosai da duniyar waje. Zuwa 1995 ci gaba ya iso musu: gwamnatin Amurka ta samu takardar mallakar ƙirƙira a kan tsatson da aka samar daga jinin ɗaya daga cikinsu. Surutu ya yi yawa, ta janye a 1996. Najeriya ma ta ba da gudummawa tun da wuri. A 1963 a Badun, Robert Pulvertaft ya samar da tsatso mai suna Raji daga sankarar muƙamuƙin wani yaro ɗan shekara 11, tsatso na farko mai ɗorewa daga ƙwayoyin jinin ɗan'adam. Har yau ana sayar da shi da dala. Kundin masu sayarwa bai yi wa yaron rowa ba: ya rubuta shekarunsa, jinsinsa, launin fatarsa, da yanayin sanyin da ya kamata a ajiye shi.

Yadda ake biyan diyya

Masu cewa ba a biya komai ba ba su bi lissafi ba ne. A 2010 Rebecca Skloot ta fitar da littafi a kan Henrietta, ya yi kasuwa, kuma a shekarar wani likita, Roland Pattillo, ya sa wa kabarinta alama, shekara 59 kacal bayan binne ta. A 2017 aka yi fim, Oprah Winfrey ta fito a matsayin 'yarta Deborah. A 2021 shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya ya miƙa wa ɗanta Lawrence lambar girmamawa. Jami'ar Bristol a Ingila ta kafa mutum-mutuminta, garin haihuwarta Roanoke ma ya kafa nasa a dandalin da a da ke ɗauke da sunan janar Robert E. Lee, jagoran sojojin masu riƙe bayi. Johns Hopkins ta sa wa wani gini sunanta. Duk wannan diyya ce mai ɗorewa, ba kamar kuɗi ba da ke ƙarewa.

A 2013 wani ɗakin bincike a Heidelberg ta Jamus ya karanta dukkan bayanan DNA na HeLa ya zuba a intanet, wato ya buga abin da jikokinta suka gada a jini, bai tambaye su ba. Bayan an yi cece-kuce, NIH ta zauna da iyalin, aka amince cewa duk mai son bayanan sai ya nemi izinin wani kwamiti mai wakilan iyalin biyu. Bayan shekara 62 ana aiki da mahaifiyarsu kyauta, su ma an ba su damar yin nasu.

Sai a ranar 4 ga Oktoban 2021, shekara 70 cif da rasuwarta, magadanta suka maka kamfanin Thermo Fisher Scientific a kotu. Sun koyi darasi daga Moore, ba su jingina ƙarar a kan satar dukiya ba, cewa suka yi kamfanin na cin ribar abin da ya san yadda aka samo shi. Kamfanin ya amsa cewa sun makara, wa'adin shigar da ƙara ya wuce. Aka sasanta, aka sanar ranar 1 ga Agustan 2023, ranar da za ta cika shekara 103 da tana raye. Nawa aka biya, sirri ne. Kamfani ma yana da haƙƙin kada a bayyana bayanansa ba da izininsa ba.

Inda aka kwana

Masu bincike na da uzurin da ba a yar ba. Wani rahoton cibiyar RAND na 1999 ya ƙirga samfurin naman jiki sama da miliyan 307 a ajiye a Amurka, daga mutane fiye da miliyan 178. Mafi yawansu ba za su taɓa kawo ko kwabo ba, kuma magungunan da aka samu ta wannan hanya sun ceci rayuka na gaske, har da na yaran da ba su san inda Baltimo take ba. Bin kowa gida da takarda da biro aiki ne babba. Abin lura kawai, wahalar gano mai nama takan ragu sosai duk lokacin da ake buƙatar ƙarin jini daga gare shi.

A 2015 gwamnatin Amurka ta kawo shawarar a wajabta neman izini kafin a yi bincike da ragowar naman mutum, ko da an cire sunansa. Jami'o'i da asibitoci suka bayyana irin kuɗin da hakan zai ci. Da dokar ƙarshe ta fito a Janairun 2017, ba wannan sharaɗin a ciki. Don haka a yau, ragowar abin da aka cire maka wajen jinya, in an goge sunanka an sa lamba, ana iya aiki da shi ba sai an ji ta bakinka ba. An yi haka ne don kare mutuncinka, kuma kariyar tana aiki. Mai bincike ba zai san kai ne ba, ɗan jarida ba zai sani ba, maƙwabcinka ba zai sani ba. Akawun da ke rubuta sunayen waɗanda za a biya, shi ma an kare ka daga gare shi.